Jakarta: Abin da Idon Baƙo Ya Fara Gani, da Abin da Ya Ɓuya Masa



Sa'ad da sakataren ƙungiya ya aiko mana da takarda cewa ana bukatar mu zo mu ba da labarin tafiyarmu zuwa birnin Jakarta na ƙasar Indonesiya, sai da muka yi jim kafin mu amsa. Dalili kuwa shi ne, mu huɗu ne muka je, kwana 10 kacal muka yi, kuma kusan rabin kwanakin a ɗakin taro suka ƙare. Wanda ya yi kwana 10 a gari bai isa ya bugi ƙirji ya ce ya san garin ba, tun da an ce baƙo ko da idonsa makaho ne. Amma kuma akwai abin da baƙo yakan gani a kwanakinsa na farko wanda ɗan gari ya daɗe da daina gani saboda sabo. To, wannan shi ne ɗan guzurin da muka zo muku da shi. Za mu faɗa muku abin da ya fara ɗaukar idonmu, sa'an nan mu faɗa muku abin da muka wuce ta kansa har kwana 6 ba mu lura ba, alhali kuwa shi ne ainihin labarin birnin.

A watan Janairu muka tashi, lokacin da hunturu ya kankama a nan, leɓe yana tsagewa, hazo ya rufe gari. Can kuwa tsakiyar damina ce. Jirginmu ya sauka a filin jirgin sama na Soekarno-Hatta, wanda aka raɗa wa sunayen mutum biyun da suka yi shelar 'yancin ƙasar ranar 17 ga Agusta, 1945. Muna fitowa daga cikin sanyin ginin sai iska ta tarbe mu, mai ɗumi, mai laima, kamar an jiƙa bargo da ruwan zafi an lulluɓa wa mutum. Kafin mu kai bakin mota riguna sun manne a baya. A cikin iskar kuma akwai wani ƙamshi da muka sani amma muka rasa inda muka san shi, sai daga baya muka gane kanumfari ne, domin tabar da galibin mazan ƙasar suke sha, wadda suke kira kretek, da kanumfari ake haɗa ta. A wurin canjin kuɗi kuma kowannenmu ya zama miloniya cikin minti biyar, don kuwa a lokacin dala ɗaya ta haura rupiya 15,000. Wannan arziki bai daɗe ba. Kuɗin mota zuwa masauki kaɗai ya ci dubu ɗari da wani abu.

Direba ya zauna a dama, mota ta bi hannun hagu, abin da dattijon cikinmu ya ce ya tuna masa da ƙuruciyarsa kafin Nijeriya ta koma hannun dama a 1972. Hanyar da ta fito daga filin jirgi an ɗaga ta sama, ga ruwa kwance dama da hagu, ga fadama, ga gidaje a gefen ruwan. Mun gani, ba mu ce kome ba, muka ɗauka ruwan damina ne. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Kalmar farko da muka koya a harshen ƙasar ba gaisuwa ba ce. Kalmar ita ce macet, ana faɗinta "macat", watau cunkoson motoci, abin da muke kira gosulo. Tafiyar da ba ta fi kilomita 30 ba sai da ta ci mana fiye da awa biyu. Wanda ya san gosulon Legas zai ce ai ba sabon abu ba ne, amma akwai bambanci, bambancin kuwa shi ne babur. Idan danja ta tsayar da motoci, sai babura su riƙa kwararowa ta kowace kafa, ta tsakanin mota da mota, ta gefen titi, har su taru a gaba ɗari bisa ɗari. Da an ba da hannu sai su tashi gaba ɗaya da ƙugi kamar an taɓa amyar zuma. Uba yana tuƙi, uwa a baya, yaro a tsakiya, wani yaron a tsaye a gaba, kowa da hular kwano ko da ƙarama ce. Idan ruwan sama ya sauko, sai su cika ƙarƙashin gadar sama suna sa rigunan leda, su toshe rabin hanya. Da yawa daga cikinsu 'yan acaɓa ne, ana kiransu ojek, kuma galibinsu sanye suke da koren jaket na kamfanin Gojek ko na Grab. Gojek ya fara ne a 2010 da 'yan babura kaɗan da lambar waya guda; yanzu mutum yana zaune a ɗakinsa zai latsa wayarsa, ɗan acaɓa ya zo ya ɗauke shi, ko ya kawo masa abinci, kuɗin kuma an riga an yanke, babu ciniki, babu gardama. Mun ga kuma keke mai ƙafa uku irin tamu, suna kiranta bajaj da sunan kamfanin Indiya da ya ƙera ta.

Ba abin mamaki ba ne a sami wannan cunkoso. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen birnin kansa sun haura miliyan 10 da rabi, in kuwa aka haɗa da garuruwan da suka manne da shi, watau Bogor da Depok da Tangerang da Bekasi, sun wuce miliyan 30. Abin da ya ba mu sha'awa shi ne irin dabarun da hukuma ta gwada da irin amsar da talaka ya mayar. A farkon shekarun 1990 aka kafa doka cewa a lokacin zuwa aiki da tashi, mota ba za ta shiga wasu manyan tituna ba sai da mutum uku a cikinta. Nan da nan sai sabuwar sana'a ta ɓulla: marasa aikin yi su jeru a bakin hanya suna ɗaga yatsa, mai mota ya ɗauki biyu ya cike ƙa'ida, in an wuce 'yan sanda ya sauke su ya biya su lada. Mace mai goyo ta fi kasuwa, domin ita da jaririnta mutum biyu ne. A 2016 aka soke dokar, aka kawo ta lamba, watau mota mai lambar mara ta fita ranar mara, mai lambar cika ta fita ranar cika. Masu hali kuma suka sayi mota ta biyu. Ku da za ku zauna a ofis kuna tsara dokoki, kada ku yi dariya da yawa.

Amma gaskiya ɗaya ce, sun yi aiki. Tun 2004 akwai manyan bas-bas na TransJakarta masu bin hanyarsu ta daban a tsakiyar titi. A watan Maris na 2019 aka buɗe jirgin ƙasa na cikin gari, mai bi ta sama a wani wuri, ta ƙarƙashin ƙasa a wani wuri, tsawon kimanin kilomita 16, bayan an shafe shekaru fiye da 30 ana ta nazari da rubuce-rubuce a kansa. Mun shige shi. Tsaf yake, yana zuwa a kan lokaci, mutane suna bin layi, ba wanda ya ture wani. Tafiyar da ta ci mana awa ɗaya da rabi a mota, a cikinsa rabin awa ce.

Abu na biyu da ya girgiza mu ya same mu ne a ɗakin masauki. Mun iso da gajiya, agogonmu kuma ya rikice domin sun riga mu da awa 6. Da muka yi alwala, ɗayanmu ya duba inda rana take ya shimfiɗa darduma ya fuskanci gabas, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Sai wani ya nuna masa 'yar kibiya da aka manna a silin, an rubuta "kiblat" a jikinta, tana nuna yamma, ta ɗan karkata arewa. Mu da a harshenmu gabas da alƙibla suka zama abu guda, har mukan ce wane ba ya kallon gabas in muna nufin ba ya salla, ga mu a ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi tare da Pakistan, kowa yana ba gabas baya in zai yi salla. Mun karanta wannan a darasin labarin ƙasa, amma gani ya kori ji.

Daga nan sai kunne ya fara tsintar abin da ya sani. Ranakun mako su ne Senin, Selasa, Rabu, Kamis, Jumat, Sabtu. Wane Bahaushe ne zai ɓata a cikinsu? Lahadi kaɗai ta bambanta, suna ce mata Minggu, kalmar da suka ara daga mutanen Fotugal. Lokaci shi ne waktu, labari kabar, sabulu sabun, duniya dunia. Ashe rijiya guda muka sha, su ta hanyar jiragen ruwan fatake, mu ta hanyar raƙuma. Kuma tun da a gaban ɗalibai muke, bari mu ɗan ratse mu faɗi asalin wannan harshe. Ƙasar tana da tsibirai fiye da 17,000 da harsuna fiye da 700, kuma mutanen Jawa su ne mafi yawa nesa ba kusa ba. Amma a ranar 28 ga Oktoba, 1928, matasa daga sassa daban-daban suka taru a wani gidan kwanan ɗalibai a wannan birni, suka yi alkawarin ƙasa ɗaya, al'umma ɗaya, da harshen haɗin kai ɗaya. Harshen da suka ɗauka ba na masu rinjaye ba ne, harshen Malay ne na kasuwa da tashar jiragen ruwa, wanda ba wata babbar ƙabila da za ta yi tinƙaho da shi. Shekara 17 kafin samun 'yanci ke nan, kuma yawancinsu ba su girmi waɗanda ke zaune a wannan zaure ba.

Ranar Juma'a muka je masallacin Istiqlal, ma'anar sunan kuwa 'yanci. An aza harsashinsa a 1961, aka buɗe shi a 1978, yana ɗaukar mutum fiye da dubu ɗari. Wanda ya zana shi, Friedrich Silaban, Kirista ne, ɗan limamin coci. Daura da masallacin, titi kawai ya raba su, ga babbar majami'ar Katolika da aka gama a 1901, har ma an haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa ta haɗa harabobin biyu. A cikin masallacin akwai wata ƙatuwar ganga da ake kira bedug, irin wadda suka gada ana bugawa don sanar da lokacin salla. Alhazanmu sun san waɗannan mutane a Makka, 'yan gajeru masu tafiya a jere da tufafi iri ɗaya. Kasonsu na kujerun Hajji ya fi na kowace ƙasa, ya haura 200,000, amma duk da haka mutum yakan yi rajista ya jira shekara 20 ko fiye.

Game da abinci ba za mu daɗe ba. Da magariba kowane lungu yakan cika da 'yan kura masu sayar da soyayyar shinkafa da taliya da wani tsire da suke kira sate, wanda ake ci da miyar gyaɗa. In aka rufe wa mutum ido zai ce ɗan'uwan namu ne da aka jiƙa wa ƙuli. Abin da ya ba mu kunya shi ne Indomie. Ɗayanmu ya gan ta a kanti ya yi murna, ya ce wa mai masaukinmu ashe kayan Nijeriya sun iso har nan. Mutumin ya yi murmushi irin nasu na ladabi, ya bayyana cewa "Indo" daga sunan ƙasarsu ne, "mi" kuma taliya. Su suka fara yin ta tun 1972, sai a shekarun 1990 aka kafa masana'antarta a Ota. Haka kuma atamfa. Zanen batik da ma'aikatansu suke sawa ranar Juma'a, wanda ake zana wa ado da narkakken kaki kafin a rina, shi ne Turawan Holan suka kwaikwaya da inji a ƙarni na 19. Mutanen Jawa suka raina kwaikwayon, sai aka juyo da shi Afirka ta Yamma, ya zama atamfa 'yar Holan da ake sawa a lefe. A kasuwar tufafi ta Tanah Abang, wadda ta samo asali tun 1735, mun ji ana Hausa a wani lungu, fatake ne suna ɗaure dila.

To, har zuwa kwana na 6, in da an tambaye mu, da mun ce Jakarta birni ne mai hawa sama. Wuyanmu ya gaji da ɗaga kai. A manyan titunan Sudirman da Thamrin benayen gilashi ne jere, wasu hawa 40, wasu 50. A tsakiyar gari ga hasumiyar Monas mai tsawon mita 132, an ɗora mata siffar harshen wuta da aka lulluɓe da zinariya. Shugaba Sukarno ne ya fara ta a 1961, aka buɗe ta a 1975. Ko da yake a bayan kowane dogon bene akwai unguwar talakawa da ake kira kampung, mai lunguna da babur kaɗai ke iya ratsawa, mun ɗauka wannan ai halin kowane babban birni ne. Mun riga mun fara tsara abin da za mu faɗa in mun dawo gida: sun wuce mu, sun yi nisa.

A kwana na 7 wani injiniya da muka haɗu da shi a wurin taro ya ce zai kai mu arewacin birnin, bakin teku. Muka fara da tsohon gari, inda tarihin wurin yake. Asalinsa tashar jiragen ruwa ce mai suna Sunda Kelapa; a 1527 aka ci ta da yaƙi aka sa mata Jayakarta; a 1619 kamfanin cinikin Holan a ƙarƙashin Jan Pieterszoon Coen ya rushe ta ya gina Batavia a kan kufanta, don ya riƙe cinikin kanumfari da masoro da gyaɗar ƙamshi. Sunan Jakarta sai a 1942 ya dawo, zamanin mamayar Japan. Turawan suka haƙa magudanai irin na garinsu Amsterdam a cikin fadama mai zafi, magudanan suka cushe da laka, sauro ya samu gida, zazzaɓi ya yi ta kashe su, har daga baya suka kwashe nasu ya nasu suka koma kudu inda ƙasa ta ɗan fi tudu. A bakin tsohuwar tashar akwai wata hasumiyar tsaro ta 1839 wadda ta karkace, ana ganin karkatarta da ido.

Daga nan muka shiga unguwar Muara Baru. Muka bi wani titi, a gefensa ga doguwar katangar siminti wadda ta fi tsayin mutum. Injiniyan ya tsayar da mota ya ce mu hau matakala mu leƙa. Muka hau. Jama'a, teku ce a bayan katangar, kuma fuskar ruwan ta fi titin da muka baro tsayi. Muka dubi dama, ga ruwa yana dukan siminti kusa da ƙafafunmu; muka dubi hagu, ga yara can ƙasa suna buga ƙwallo, ga mata suna shanya, ga rufin gidaje. A cikin ruwan kuma, 'yan taku kaɗan daga katangar, ga wani ƙaramin masallaci tsaye, teku ta shige shi, gansakuka ta rufe bangonsa, rufin ya ruɓe. Sunansa Waladuna. Da can a kan tudu yake, ana salla a cikinsa. Da aka zo gina katangar sai aka bar shi a waje.

Mu duka muka yi shiru. Tambayar da ta fara zo mana ita ce wadda za ta zo muku: ashe hawan teku da ake ta faɗa ya kai haka? Sai injiniyan ya gyara mana. Teku tana hawa, gaskiya ne, amma 'yan milimita ne a shekara. Ƙasar ce take sauka. A wasu wurare na arewacin birnin an taɓa auna saukar da ta kai santimita 25 a shekara guda, watau kusan taƙi ɗaya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na birnin yanzu yana ƙasa da fuskar teku.

Ga yadda abin yake. Jakarta tana zaune ne a kan laka da yashi waɗanda koguna 13 suka kwaso daga duwatsun kudu suka jibge cikin dubban shekaru. Mafi shahara cikin kogunan shi ne Ciliwung. Irin wannan ƙasa kamar jiƙaƙƙen soso take, ruwan da ke cikinta yana taya ta ɗaukar nauyin abin da ke samanta. In aka zuƙe ruwan sai lakar ta matse, in kuwa ta matse ba ta sake kumbura ko da ruwa ya dawo. Wa yake zuƙe ruwan? Kowa da kowa. Masana'antu, otal-otal, manyan kantuna, dogayen benayen nan da muka yi ta ɗaga kai muna kallo, duk sun haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi. Mai ƙaramin gida kuma ya haƙa tasa daidai ƙarfinsa. Ga nauyin gine-gine, ga siminti da kwalta sun rufe fuskar ƙasa sun hana ruwan sama komawa ciki. Me ya sa kowa yake haƙa rijiya a garin da ruwan sama ya yi wa yawa? Saboda famfo bai isa ba. A zamanin mulkin mallaka bututun ruwa unguwannin Turawa ya fi nufa, kamar yadda aka yi mana a nan. Bayan 'yanci gari ya yi ta faɗaɗa, bututu bai bi shi ba. A ƙarshen shekarun 1990 aka miƙa harkar ruwan ga kamfanoni biyu masu zaman kansu, na Ingila da na Faransa, a kan yarjejeniyar shekara 25. Da wa'adin ya cika a farkon 2023 hukumar birni ta karɓi abinta, har a lokacin kuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku na mazauna birnin ba su da famfo. Kogunan nan 13 kuma sun ƙazantu ƙwarai, shi ya sa mafi yawan ruwan famfon daga wata madatsa mai nisa, Jatiluhur, ake jawo shi.

A nan ne muka tuna ruwan da muka gani kwance a gefen hanyar filin jirgi ranar da muka iso. Kogi ba ya hawa tudu. In bakin kogi ya koma ƙasa da teku, ruwa ba shi da mafita sai an ɗaga shi da inji an zubar ta saman katanga. Mun ga waɗannan injuna a unguwar Pluit, suna aiki dare da rana. Ran da ruwan sama ya fi ƙarfinsu sai gari ya cika, kamar yadda ya faru a 2007, da kuma daren shiga shekarar 2020, lokacin da mutum fiye da 60 suka rasu a birnin da kewayensa.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne wani abu da muka gani muna saukowa daga katangar. Wani mutum ne yake tura kura cike da jarkoki, yana tsayawa ƙofa ƙofa. Ɗan garuwa! Ba sai an fassara mana ba. A wannan unguwa ruwan rijiya ya zama na gishiri domin teku ta kutso ta ƙarƙashi, famfo kuma babu, saboda haka talakan da ƙasa take nutsewa da gidansa shi ne kuma yake sayen ruwa a jarka, da tsadar da ta ninka abin da mai famfo yake biya. Wanda ya zuƙe ruwan da yawa yana hawa na 30 cikin sanyi.

Ba ma so mu wuce gona da iri wajen kwatance. Kano da Zariya a kan dutse suke, nesa da teku, ba za su nutse irin wannan nutsewa ba. In akwai garin da ya kamata ya kasa kunne sosai, Legas ce. Amma ɗabi'ar guda ce, kuma mun san ta. A unguwanninmu yau duk wanda ya gina gida, kafin ya sa ƙofa ya kira masu burtsatse, kuma masu haƙan za su gaya muku inda a da ake samun ruwa kusa yanzu sai an nutsa. Kowane mai gida ya warware matsalarsa, ba wanda ya yi laifi, amma tulun da ake ɗiba guda ne. Mu a ganinmu, ba rashin injiniyoyi ne ya kai Jakarta ga wannan hali ba, domin ƙasar da ta gina jirgin ƙasa mai gudun kilomita 350 a awa tsakanin Jakarta da Bandung, wanda aka buɗe a 2023, ba za a ce bututu ya gagare ta ba. Abin da muke zato shi ne, bututu a binne yake. Ba a yanka masa kirtani, ba a ɗaukar hoto a gabansa, baƙo ba ya ganinsa ya yaba. Mu kanmu shaida ne, tun da kwana 6 muka yi muna yabon abin da ke sama. Ku da za ku riƙa rubuta kasafin kuɗi a ma'aikatu, za a kawo muku takardu iri biyu, ta ƙofar gari mai ado da ta sauya tsohon bututu, kuma kun san wadda mai girma zai fi son ya sa wa hannu.

Ciwon yana da magani, an kuma gwada shi. Birnin Tokiyo na Japan ya yi irin wannan nutsewa, wasu unguwanninsa sun sauka fiye da mita 4. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 suka kafa dokokin hana zuƙar ruwan ƙasa, amma ba su tsaya a doka ba, sai da suka kawo wa masana'antu wani ruwan ta bututu. Zuwa shekarun 1970 nutsewar ta tsaya. Jakarta ma ta kama wannan hanya, ko da yake a makare: daga 2023 an hana manyan gine-gine a wasu unguwanni amfani da ruwan ƙasa, hukumar ruwa ta yi alkawarin kai famfo ko'ina zuwa 2030, ana kuma ta ƙara wa katangar bakin teku tsayi.

Sai kuma ɗaya maganin, wanda mu 'yan Nijeriya muka fi kowa sani. A watan Agusta na 2019 Shugaba Joko Widodo ya ba da sanarwar za a gina sabon babban birni a tsibirin Borniyo. Aka sa masa suna Nusantara, har an yi bikin ranar 'yanci a can a 2024. Da aka gaya mana, sai muka ba su labarin Abuja, yadda aka yanke shawara a 1976, aka ƙaura a 1991, da yadda Legas ba ta ragu da ko mutum ɗaya ba, sai ma ƙaruwa da ta yi. Injiniyan ya ce shi ma haka yake gani: ministoci za su iya tashi, amma masunta da 'yan dako da 'yan acaɓan Muara Baru ba inda za su je.

Kafin mu bar unguwar an kira la'asar a wani sabon masallaci da ke cikin katanga. Muka cire takalma, muka hau matakala huɗu kafin mu kai daɓen, domin an ɗaga shi sama da titi. Gidajen da ke maƙwabtaka kuwa sai an sauka ake shigarsu, wasu tagoginsu sun kusa taɓa ƙasa. Muka yi alwala da ruwan jarka, muka bi sahu, muka fuskanci yamma.

Shugaban taro, a nan za mu dakata, in akwai tambaya muna saurare.